Hannun Da Ya Ƙi Lalle

Saura kwana huɗu Babbar Salla aka kwance wa Aisa lalle karo na biyu, hannun ya fito kamar ba a taɓa ɗora masa komai ba. Sauran yaran gidan tafinsu ya yi ja har ya doshi baƙi, nata ne kaɗai bai kama ba.

Kakarta Ya Kura, wadda ta shekara arba'in tana yi wa matan Roni ƙunshi, ta juya hannun gaba da baya, ta ja fatar idon yarinyar ƙasa ta leƙa.

"Lallena bai taɓa ƙin mai lafiya ba," in ji ta. "Mataccen jini ne a jikinta. Lauwali wanzami ya tafi cin kasuwar Gwiwa, jibi in ya dawo ya yi mata tsaga a baya, ya zuƙe shi da ƙaho."

Ma'u tana tankaɗe a bakin madafa, rariya ta tsaya cak a hannunta. Aisa ce 'yarta ta fari, shekararta biyar, kuma ba a nuna damuwa da ɗan fari a gaban suruka. Ko sunanta Ma'u ba ta kamawa. Amma ta san kaifin askar Lauwali. Ta kuma san yarinyar da ke siɗe kwanonta ta leƙa na wani ba ta da ciwon komai.

Da la'asar ta zaunar da ita a bayan ɗaki tana zuba mata ruwa da buta. Sai ta lura ruwan ba ya kwanciya a fatar, ɗigo-ɗigo yake yi yana gangarewa, kamar a bayan agwagwa. Nan take ta tuna da man nan na cikin farar kwalba, wanda maigidanta Bunu ya sayo a Kano saboda kaushin da ya tsattsage hannun yarinyar. Mako biyu ke nan tana shafa mata safe da yamma, kuma kaushin ya warke sumul.

Bunu na dawowa daga ofishin gona na Kazaure, bai gama kafe babur ba ta miƙa masa kwalbar.

"Malam, me ke cikin man nan?"

Ya ƙanƙance ido yana bin ƙananan rubutun. "Mai kemis ya ce akwai wani abu wai shi silikon. Shimfiɗa yake yi a kan fata kamar riga, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi."

"To ai shi ne ya hana lalle shiga. Ka gaya wa Iya."

"Ni? A kan lalle?" Ya sosa ƙeya. "Da maganar takin zamani ce, da na gwada."

Ma'u ta karɓi kwalbarta.

Washegari da hantsi Ya Kura ta kwaɓa nata lallen na Salla, kuma kullum Ma'u ce ke ɗaura mata. Ta durƙusa, ta kama hannun tsohuwar.

"Iya, na hagun nan ya bushe da yawa. Bari in shafa miki man yarinyar nan."

Ta lafta mata har tsakanin yatsu.

"Kai, santsi kamar cikin kuɓewa! Na daman fa?"

"Mu ga yadda zai karɓe ki tukuna, Iya."

Ta ɗaure hannu biyun da ganye da tsumma, ta zura su cikin zunguru. Sannan ta ja Aisa bayan ɗaki, ta dirje mata hannu da sabulun salo da lemun tsami har sau uku, ta ƙunsa mata ragowar kwaɓin da aka kankaro daga ƙwarya.

Bayan la'asar aka kwance. Hannun dama na Ya Kura ya yi ja jawur. Na hagu kuwa ɗan rawaya-rawaya ne, nan ya kama can bai kama ba. Tsohuwa ta jera su a cinya tana kallo. Sai ga Aisa da gudu, ta ɗaga tafinta biyu jajaye, ta yi turus.

"Lah! Kaka, ke ma rabin jininki ya mutu! A ce wa Lauwali ya zo da babban ƙaho!"

"Ja'ira mai bakin tsiya, zo nan in gani."

Ta duba hannun yarinyar, ta shinshina, ta ji lemun tsami. Ta ɗago ta dubi Ma'u, wadda ta sunkuyar da kai tana tattara tsummoki kamar ba ta wurin. Can sai Ya Kura ta fashe da dariya har da tari.

"Ke 'yar mutanen Babura, ashe haka kike? Ba ki ce mini uffan ba, kin sa hannuna ya yi miki magana."

"Ni mai kawai na shafa miki, Iya."

"Na ji. A aika gidan Lauwali a ce ya huta. Kawo sabulun nan ki wanke mini wannan, kada in je idi da hannu iri biyu." Ta miƙa ƙafa tana duban fason dugaduganta. "Kwalbar kuma ki adana mini. Bayan Salla ina da aiki da ita."

Ma'u ta tashi ɗauko sabulu. Da za ta wuce ta gaban Aisa, ta saci kallo ta ga idon tsohuwa na can kan fasonta, sai ta ɗan shafa bayan yarinyar, ta wuce.