An Ɗage Shari'a

Shahira ce ta zaɓi gidan shayin da ke kallon ƙofar kotu, a tsohon garin Iskandariyya na ƙasar Masar. Ta ce in ana neman masu gwada wasan shari'a, to a je inda mutane ke zaune tun safe ba su da aiki sai jiran a kira sunansu. Wagdi bai yi musu ba. Ya daina musu da ita tun da wani kamfanin talla na Dubai ya aiko masa da tayin aiki.

Su biyu suka yi wasan, a wani ɗaki da ke saman benen gidan su Shahira. Ita ta rubuta shari'o'in ta haɗa manhajar, shi ya zana fuskokin. Wasan ba shi da wuya. Kai ne alƙali. Mai ƙara ya fito a allo ya faɗi tasa, wanda ake ƙara ya faɗi tasa, sai agogo ya ba ka daƙiƙa bakwai. In ka ja yatsa dama ka wanke shi, in ka ja hagu ka kama shi da laifi, sai a ji ƙarar hatimi. In lokaci ya ƙare ba ka yanke komai ba, allon ya yi ja ya rubuta: An ɗage shari'a. Ka yi haka sau uku, a sauke ka daga kujera.

Mutanen Dubai na jiran amsa ranar Alhamis. Wagdi ya ce in baƙi suka buga wasan yau suka nemi ƙari, zai zauna su gama shi. In ba haka ba, zai tafi.

Wanda ya fara karɓar allon kwamfutar da suka zo da wasan a ciki Ustaz Midhat ne, wani lauya mai tumbi da ke riƙe da baƙar rigar kotu a naɗe a hammata. Shari'ar farko ta wani mutum ce da ake zargin yana janye tantabarun maƙwabcinsa zuwa nasa rufin.

"Ina shaidu?" in ji Ustaz Midhat.

"Babu, Ustaz. Yatsa kawai za ka ja."

"Rahoton ƙwararre fa? Wa ya ƙirga tantabarun?"

"Lokaci na tafiya, Ustaz."

Ya ajiye allon a kan tebur, ya harɗe hannu a kan tumbi yana kallon agogon har ya ƙare. Da rubutun ya fito sai ya tuntsire da dariya, har shayinsa ya zube a faranti.

"Wallahi kun iya aiki! Ezzat, zo ka gani, yaran nan sun ɗauko kotu sun saka a cikin allo."

Ustaz Ezzat, shi ma lauya, ya taso daga wajen masu buga dara, ya leƙo ta kafaɗarsa. Shari'a ta biyu ma aka ɗage, ta uku ma haka. Sai allon ya sanar da Ustaz Midhat cewa an sauke shi.

"Ni? A kan me?" Ya juyo ya dubi Shahira ta saman tabarau. "Injiniya, a nan kika yi kuskure. Alƙalin da ya ɗage shari'a uku kafin azahar, ƙarin girma ake yi masa."

"Kai da ka ɗage ɗaurin aurenka sau biyu," in ji Ustaz Ezzat, "ai shugaban kotu ya kamata a ba ka."

"Takardun amarya ne ba su cika ba."

Allon ya yi ta yawo daga tebur zuwa tebur. Wani direban tasi ya buga, wani akawu ya buga, sai wasu 'yan'uwa biyu da ke ƙarar juna a kan matattakalar gidan gadonsu, waɗanda suke zaune tebur ɗaya domin kujeru sun ƙare. Ba wanda ya ja yatsa. Kowa ya jira jan allon, kowa ya yi tafi da ya fito. Shahira tana tsaye da hannu a aljihu. Ta rubuta layin nan na ɗage shari'a ne a matsayin horo, abin da mai wasa zai ji kunya in ya gani.

Wagdi ya jawo ta gefe, kusa da murhun garwashin shisha. Rabon da ta ga idonsa a buɗe haka an daɗe.

"Kin ji dariyar nan? Mu ƙara maɓalli na uku a tsakiya, na ɗagewa. Alƙali ya nemo dalili: takarda ba ta iso ba, shaida ya tafi Umara, fanka ta lalace. Wanda ya fi daɗewa bai yanke hukunci ba, shi ya ci. Wannan garin gaba ɗaya zai buga shi. In wannan ne, zan zauna in zana."

Ta san gaskiya ya faɗa game da garin. Mahaifinta ya yi shekaru yana zuwa ginin nan na tsallaken titi a kan wani shago da ɗan'uwansa ya riƙe. Duk ranar zama sai ya sa kwat, ya goge takalmi, ya dawo da sabuwar rana. Ya rasu saura wani zaman. Wagdi ya san wannan, shi ya sa bai kalle ta ba da yake magana.

Ƙarar hatimi ta katse su. Wata dattijuwa ce allon ya faɗa hannunta, Hajiya Awatif, wadda duk masu gidan shayin suka sani. Ruwan banɗakin maƙwabcinta na sama ne ke zuba a kicin ɗinta, kuma yaron da ya fara rako ta kotu yanzu yana aikin soja. Ta riƙe allon nesa da ido, ta ja hagu. Ta sake jan hagu, sannan dama.

"Hajiya, ba ki karanta ba ai," in ji Ustaz Midhat.

"Na ga fuskarsa."

Allon ya nuna mata ta kama marar laifi: mai tantabarun ashe nasa ne suka dawo gida.

"Kin zalunci bawan Allah, Hajiya."

"To ya ɗaukaka ƙara. Aƙalla yau ya san matsayinsa, zai ci abincin rana a gidansa." Ba ta ɗago kai ba. "Na gaba."

Ba ta yi dariya ko sau ɗaya ba. Lauyoyin suka gaji da kallo suka koma wajen dararsu.

"Me kika ce?" Wagdi ya tambayi Shahira.

"Maɓalli biyu ne, babu na uku."

"Mutum ɗaya ce fa ta yanke hukunci, Shahira. A cikin duk mutanen nan."

"Na gani."

Ya ɗan tsaya ko za ta ƙara wani abu. Ya zaro wayarsa ya fita bakin titi, ya toshe kunne ɗaya da yatsa saboda ƙarar motoci. Ta cikin gilashi ta ga yana gyaɗa kai, yana magana da mutanen Dubai da ladabin da ba ta san shi da shi ba.

Ta jawo kujera ta zauna kusa da dattijuwar.

"'Yata," in ji Hajiya Awatif, "mai tantabarun nan ya sake dawowa. Shari'o'in sun ƙare ne? Babu wasu?"

"Akwai wasu a rubuce, Hajiya. Ba a zana musu fuskoki ba."

"Sai yaushe?"

Shahira ta dubi Wagdi ta cikin gilashi. Dattijuwar ta jira kaɗan, sannan ta mayar da ido kan allon, ta ja dama.