Marin da Ke Shafi na Tara

Marubucin nan ya yi suna da littattafan ban dariya, daga baya masu fim suka ja shi. Ya gano abu guda tun wuri: idan aka mari mutum mai ƙiba, 'yan kallo sai su yi ta dariya har da hawaye. Shi kuwa yana da wa mai ƙiba, sai ya samo masa aiki. Duk fim sai an mare shi, har sunansa ya ɓace, kowa Sha-Mari yake ce masa. Marubucin bai taɓa leƙa wurin ɗauka ba, balle ya san mai ba da umarni ba ya yarda da marin wasa.

Ran nan da hantsi yana ofishinsa, wan ya shigo da sabon labarin a hannu da auduga a kunnen hagu, ya murɗa makulli.

"Likita ya ce wannan kunnen ya mutu. Saura ɗaya. Cire mini shafi na tara."

"Haba Yaya, ai nan ne dariyar take. Ka juya musu ɗaya kumatun mana."

Bai rufe baki ba ya ji ɗakin ya juya. Tabarau ya yi gefe, kujera ta kife da shi. Hannun Yaya fa kamar faranti yake.

"Haka ka rubuta, ko? 'Ya faɗi, ya tashi, a ƙara masa.' Tashi, Auta."

Ya ɗago shi da wuyan riga ya ƙara masa. Leɓe ya fashe, haƙori ya faɗo kan takardun, jini na bin layukan. Kunnensa ya ɗauki ƙara kamar an kunna injin niƙa a ciki.

"Ka yi dariya mana. Ba ka ce nan take ba?"

Auta ya rarrafa ya lalubo biro, ya soke shafin.

"In babu marin, ba za su ɗauke ka ba, Yaya," ya faɗa da baki cike da jini. "Ba ka iya komai ba sai shi."

"Na sani."

Yaya ya ciro hankici ya goge masa haɓa, kamar yadda yake yi masa suna yara, sannan ya buɗe ƙofa ya fita neman wani aikin.