Likkafanin Silas Pengelly

Ranar da aka sare dirkokin rataya zannuwa na jirgin ruwan yaƙi Thessaly a tashar Plymouth, Obadiah Trewin ko loma bai kai bakinsa ba. An ƙera jirgin ne lokacin da maƙera ba su gama yarda da inji ba, suka sa masa tukunyar tururi, suka kuma kafa masa manyan zannuwan tamfol da iska ke turawa, ko da inji zai yi gardama. Obadiah ne maɗinkin zannuwan nan tun jirgin na sabo. Yanzu manya sun ce nauyin banza ne, a kwashe su kaf, wanda duk aka kama da ko ƙyalle ya yi sallama da aikinsa da fanshonsa. Ya ji da kunnensa sarai, ya naɗe zane guda ya cusa bayan tulin igiyoyi.

Mai zuba wa inji kwal, Silas Pengelly, shi ya fi kowa tsokanarsa.

"Tela, aiki ya ƙare ko? Ga wandona ya yage, taimaka."

"Tafi can, baƙin tukunya. Je ka wanke fuska mu ga ko mutum ne."

Haka suke kullum, kuma taba ɗaya suke rabawa biyu.

A Bahar Maliya zafin ɗakin wuta ya kayar da Silas da shebur a hannu, bai kuma tashi ba. Laftanar Harcourt, da hankici a hanci, ya ce ragar barcin mamacin, wadda a al'ada a cikinta ake ɗinke gawa, akwai mai jiranta, a haɗa buhunan kwal biyu a sa shi, a jefa teku kafin a ci abinci.

Buhun kwal! Mutumin da kwal ya ci shi da rai, a kuma naɗe shi cikinsa a mace? Ran Obadiah ya ɓaci. Ya sauka, ya jawo zanen nan fari fat, ya shimfiɗa shi a tsakar jirgi rana tsaka, a idon kowa.

"Trewin, daga ina wannan?" in ji Laftanar.

"Daga inda na ɓoye shi, ranka ya daɗe."

"Ka san abin da ka jawo wa kanka?"

"Ina wurin aka faɗa."

"To ajiye basillar nan."

Obadiah ya zare zare ya ci gaba da ɗinki, ƙanana ƙanana, kamar zanen da za a ɗaga wa guguwa. 'Yan ɗakin wuta suka hauro baƙi ƙirin, suka kewaye shi. Laftanar ya dube su, ya ja da baya.

Al'adar 'yan teku ce ɗinkin ƙarshe ya ratsa hancin mamaci, don in da sauran rai ya motsa. Obadiah ya tsaya da basilla a sama.

"Silas, in shaƙiyancinka ne, tashi yanzu. Na yafe maka wandon."

Ya soka. Ya jira har jiran ya yi yawa. Sannan ya gutsure zaren da haƙori, hawaye na bin gemunsa, ya miƙe ya dubi Laftanar ido cikin ido.

"Na gama, ranka ya daɗe. Yanzu sai ka kore ni."