Ƙwayar da Ke Ƙarƙashin Faifai

Tun da ɓarin jikin Malam Uba na hagu ya shanye, ƙwaya ɗaya ya sani: fara, ta hawan jini, Tani matarsa ke ba shi bayan asuba.

Sai ɗansa Mujitaba ya tafi aiki Riruwai. Daga ranar, in surukarsa Mubaraka ta kawo koko, sai ya tarar da wata ƙwaya ruwan ɗorawa a ƙarƙashin faifai. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta gaishe shi kanta a sunkuye, ta tafi. Suruki ba ya tsare matar ɗansa da tambaya. Ya haɗiye.

Kwana huɗu, jiri ya fara ɗibarsa. Ran na shida ya faɗi wajen alwala. In ya sake faɗuwa, ya san ba tashi.

Bai gaya wa kowa ba. Ya koma cusa ƙwayar a naɗin hularsa, yana kallon yarinyar ta wutsiyar ido. Jiri ya ɗauke. Zarginsa ya zauna daram.

Ranar awo, aka kai shi asibiti a Tudun Wada. Ya tuɓe hula da hannun dama, ya zazzage ƙwayoyi bakwai gaban ma'aikaciyar jinya.

"Duba min. Me ake ba ni?"

Ta ce, "Baba, ina kwalinsu?"

Tani ta fito da nata. Mubaraka, da ta rako su, ta kwance bakin zani ta miƙo wani.

Ma'aikaciyar ta jera su, ta karanta. "Ai magani ɗaya ne, kamfani ne daban. In ka haɗa biyun, dole jininka ya yi ƙasa. Wa ya ce a ƙara?"

Mubaraka ta dubi Tani, ba shi ba. "Inna, maigidana ne ya sayo kafin ya tafi. Ya ce na Baba ya kusa ƙarewa, kada a yi fashi. Na ɗauka naki ya ƙare, kin daina ba shi."

Tani ta ce, "To, da bakinki ciwo yake?"

"Ke ma ba ki tambaya ba, Tani," in ji Malam Uba.

Ya sa aka nuna masa wanda zai riƙa sha. Ya zura kwalin a aljihu, ya bar ɗayan a tebur.

"Daga yau ni zan ɓalle abina."

Washegari koko ya zo. Sai da ya ɗaga faifan ya duba, sannan ya sha.