Layi Biyu a Girar Hagu

Duk unguwar babu wanda bai san Tsoho Mai Aski ba, mutumin da wuƙa ta gaji da shi ta haƙura. Cikin 'yan dabar zamaninsa shi kaɗai ya rage, kuma duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya sha labarin.

Da aka kafa doka cewa wanda ya jawo yaro cikin daba zai ruɓe a kurkuku, sai manyan daba suka sake salo. A da, da hannunsu suke tsaga wa sabon yaro layi biyu a girar hagu. Yanzu sai su tura shi wurin mai aski ya nema da bakinsa, a ce ado ne.

Wata rana da hantsi jikan Tsoho ya shigo, ko gashin baki bai fara ba, ya haye kujera ya nuna girarsa.

"Kaka, layi biyu a nan."

"Kai angon tsohuwa, wa ya aiko ka?"

"Babu kowa, yayi ne. In hannunka rawa yake ka faɗa, in yi gaba."

"Hannun nan? Ya riƙe abin da ya fi aska, yaro."

Tsoho ya ɗaga kai ya dubi madubi. A ƙetaren titi wani dogo na zaune kan babur yana jira. Bayan yaron kuwa, cikin madubin, ga su nan tsaye: Gajere, Bahago, Mai Dariya, abokan da ya bi gawarsu tun suna samari, kowa da layinsa a gira.

"Rufe ido," in ji Tsoho.

Ya shafa sabulu, ya ja aska, ya share girar nan tas, dama da hagu. Babu sauran gashin da za a tsaga.

Yaron ya buɗe ido ya ƙwala ihu. "Kaka, ka mai da ni ƙwai!"

Dogon ya leƙo, ya kece da dariya, ya tada babur ya wuce.

Har yau jikan ba ya gaishe shi. Tsoho bai damu ba. Kullum da safe yakan saci kallon fuskar yaron, ya ga gashin yana tsirowa, sai ya koma shago ya wasa aska. Waɗanda ke cikin madubin ma ba su tafi ba.