Inda Aka Ce Ya Zauna

Zarwali yana durƙushe yana ba tayar ƙarshe iska lokacin da matar ta zo ta tsaya a kansa. Ƙarfe goma da kwata ne na safe, cikin watan Yuni, kwaltar gaban shagon da ke bakin hanyar Lahbab har ta fara laushi. Motocin kamfanin guda huɗu sun fito daga cikin yashi lafiya. Baƙi sun watsu, wasu na sayen ruwan kwakwa mai sanyi, wasu na zazzage rairayi daga takalma suna dariyar ihun da suka sha a kan tuddai.

"Ɗan'uwa, ina Babana? Lokacin shan maganinsa ya yi."

Nuzhat ce, ma'aikaciyar jinya a Sharja, wadda ta kwaso iyalinta su goma sha ɗaya don mahaifinta ya ga hamada kafin ya koma Laknau. Ita da yara, su shida, suna motar Shibu, ɗaya daga direbobin. Mijinta da ƙannensa uku da tsohon, su biyar, suna motar Zarwali.

Kafin Zarwali ya buɗe baki, mijin ya amsa daga inuwar shago, bakinsa cike da samosa. "Ai yana motarku. Tun a wurin sulu aka mayar da shi can."

"Motarmu kuma? Mu shida muka shiga, mu shida muka fito."

Tiyon iskar ya suɓuce daga hannun Zarwali. Shi kaɗai a duk wurin ya san inda mahaifin nata, Baba Iftikar, yake.

Ga yadda abin ya faru. Da aka fara hawa da gangara a kan tuddai, tsohon ne ya fi kowa murna, har tafi yake yi. A tudu na biyar ya yi tsit. Da aka tsaya wurin da baƙi ke yin sulu a kan katako, sai ya ja hannun rigar Zarwali a hankali ya ce, "Ɗana, akwai inda mutum zai ɗan ɓuya? Ba na son jikokina su gani." Zarwali ya zagaya da shi bayan tudun, cikin wani ɗan kwari, ya riƙe masa kafaɗa har ya gama amai, ya miƙa masa ƙaramar gorar ruwa.

"Baba, zauna nan ka huta. Kada ka motsa ko taku ɗaya, yashin nan ɓatar da mutum yake yi. Zan turo Shibu ya ɗauke ka. Shi tuƙinsa kamar mai ɗauke da ƙwai."

Tsohon ya goge gemu ya yi murmushi. "Shekara talatin da biyu na yi ina gadin mashigar jirgin ƙasa. In aka ce in tsaya, tsayawa nake yi."

Zarwali ya dawo ya gaya wa mijin Nuzhat an sauya wa tsohon mota. Ya nufi wurin Shibu ke nan, saura 'yan taku tsakaninsu, sai oba-obar da direbobin ke magana da juna ta ɗauka: mota ta uku ta kafe a kan tudu, cikinta ya zauna daram, a kawo igiya. Shi ne direban baya, jan wanda ya kafe aikinsa ne. Minti ashirin ya yi yana fama, gumi na shiga masa ido, kuma a cikin minti ashirin ɗin nan tsohon ya fice masa daga rai fit.

Su kuma direbobin yashi suna da doka. Kafin ayari ya tashi, kowane direba zai duba mutanensa, in sun cika ya danna hon sau ɗaya. Shibu ya duba, shida ya kawo, shida ya gani, ya danna. Zarwali ya waiwaya, ya ga huɗu, a ransa kuwa huɗun ne lissafi tunda ya riga ya sallama ɗaya, ya danna. Dosten, tsoho ɗan ƙabilar Baluchi da ke jan ayari, ya ji hon uku ya ɗaga hannu aka tafi. Doka ce mai kyau, Allah ya saka wa wanda ya ƙirƙiro ta, amma abin da ke cikin kan direba kawai take iya ƙirgawa.

Yanzu kusan awa guda ke nan.

Nuzhat ta kira wayar mahaifinta. Wayar ta yi ƙara daga aljihun kujerar motar Zarwali. Sai ta dafe kai. "Wayyo Allah! Tun da Mama ta rasu haka yake, sai ya tashi ya kama tafiya ba sallama. Na shiga uku, ya bi hamada!"

"Sai da na ce a bar shi a gida," in ji mijin.

Dosten ya taho yana jan ƙafarsa mai ciwo, kofin shayin karak a hannu. "Wa ya gan shi a ƙarshe?"

Nan ne ya kamata Zarwali ya faɗi gaskiya, magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Amma ya dubi fuskar matar, ya dubi Dosten wanda ya koya masa tuƙin yashi shekara goma sha huɗu da suka wuce, sai kunya ta hana shi. Ya raya a ransa cewa in ya riga kowa isa, ya ɗauko tsohon ya sa shi cikin sanyin mota, sauran bayani zai zo da sauƙi. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Bari in je wurin sulu in duba."

Ya faɗa mota. Nuzhat ta buɗe ɗaya ƙofar ta shige da jakarta ba ta nemi izinin kowa ba. Yana juya kan motar ya ji Dosten na ihu a baya, yana dukan iska da hannu.

"Taya! Kai Zarwali, taya!"

Ya ji shi sarai. Ko wanda ya fara aiki jiya ya san ba a shiga yashi da taya cike. Sai an sace iskar ta sauko daga talatin da biyar zuwa sha biyar, tayar ta baje, sannan mota ke tafiya a saman rairayi maimakon ta nutse. Minti bakwai ne aikin. Zarwali ya ga minti bakwai sun yi masa yawa. Ya ce farkon hanyar ai ƙasa ce mai tauri, sauran kuma gudu zai ɗauke shi. Haka tsoro yake yi wa gwani, sai ya kawo masa dabarar da in a bakin wani ya ji ta zai yi masa dariya.

Tudun farko motar ta haye da ƙyar tana gurnani. A na biyu, saura kaɗan ta kai ƙoli, sai ta yi nauyi, tayoyin suka shiga juyawa a wuri ɗaya suna watsa yashi har kan gilashi. Ya sa giyar baya. Ta ƙara nutsewa.

"Me ya faru? Ka taka mana! Don Allah ka taka!"

"Hajiya, in na taka binne mu zan yi."

Ya fito. Zafin ya mare shi a fuska. Ya durƙusa gaban taya, yashin ya ƙona masa gwiwa ta cikin wando, ya danna bakin tayar da ɗan makulli yana sauraron iskar tana fita, siririya, ba ta san ana sauri ba. Taya huɗu, kowace sai an tona ta kafin a kai ga bakinta. Yana haƙa da shebur yana lissafin abin da ba ya son lissafawa: ƙaramar gora ɗaya, mutum ɗan shekara saba'in da huɗu, cikin da ya riga ya amayar da komai. Nuzhat ma ta sauko ta durƙusa tana tona da hannu, awarwaronta na ƙara.

Can suka ji ƙarar injina ta gefen hagu. Dosten da Shibu ne, sun tsaya sun rage iskarsu yadda ya kamata, ga su sun wuce kamar a kan kwalta, jajayen tutocinsu na kaɗawa. Oba-oba ta ɗauka.

"Shekara goma sha huɗu, ɗan Pathan, ka shiga yashi da taya kamar dutse? Zauna nan ka yi ta tono, jakin banza. Na kira motar asibiti, tana bakin hanya."

Zarwali ya ci gaba da haƙa. Minti biyar. Minti takwas. Muryar Dosten ta dawo, wannan karon babu wasa a ciki.

"Muna wurin sulu. Ba kowa. Iska ta share sawu. Hajiya tana jina? 'Yata, in ya kama tafiya, wane gefe yake yawan bi? Inuwa yake nema ko hanya?"

Nuzhat ta fizge oba-obar. "Inuwa, Baba! Yana son bishiya, ku duba gindin bishiyoyi!"

"To. Shibu, ka yi yamma wajen bishiyoyin gaf. Ni zan yi kudu wajen garken raƙuma."

Zarwali ya tsaya da shebur a hannu. Yamma da kudu. Kwarin yana gabas, a bayan tudun da su Dosten suke tsaye a kansa, bai fi jifa biyu ba, kuma ba wanda zai leƙa shi, don babu ko ɗigon inuwa a ciki, mai hankali ba zai zauna can ba. Kowane minti yanzu nesa da tsohon za su ƙara yi. Aikinsa, takardar zamansa a ƙasar, mutuncinsa a idon Dosten, duk suka gifta masa, sai dai ba su daɗe ba. Ya miƙa hannu.

"Hajiya, ba ni."

Ya danna. "Malam Dosten, ku dawo. Bai tafi ko'ina ba. Yana cikin kwarin da ke bayan tudun sulu, ta gabas. Ni na kai shi. Ni na zaunar da shi na ce kada ya motsa, zan turo Shibu. Ban gaya wa Shibu ba. Mantawa na yi."

Nuzhat tana durƙushe, yashi har gwiwar hannu, ta ɗago ta dube shi.

"Tun a shago ka sani?"

"Na sani."

"Ka bar ni ina cewa mahaifina ya ruɗe, a gaban mijina, a gaban 'ya'yana?"

Ya koma kan taya ta huɗu. Ta juya masa baya ta ci gaba da tono, kafaɗunta na girgiza. Haka suka yi ta yi har motar ta yi ajiyar zuciya ta fito da baya. Ya sake ɗaukar tudun, ta haye sumul, abin da da ta yi tun minti ashirin da biyar da suka wuce.

A hanya Zarwali ya kira su Dosten ta oba-oba sau biyu, ba amsa. Duk addu'ar da ya sani ya karanta, wasu ma ya haɗa farkon wata da ƙarshen wata. Hannunsa na zamewa a kan sitiyari saboda gumi.

Da suka zagayo tudun, ya hango motocin biyu a bakin kwarin, ƙofofi a buɗe. Shibu na tsaye ya ware rawani ya yi rumfa da shi. Dosten na durƙushe yana yayyafa ruwa. Nuzhat ta dira tun motar ba ta gama tsayawa ba.

Baba Iftikar yana kwance a gefensa, daidai wurin da aka ajiye shi, ya ja farar rigarsa ya rufe kai. Gorar tana kusa da hannunsa, babu komai a ciki, har da murfinta a rufe. Fuskarsa ta yi jawur, leɓɓansa sun tsage, amma ƙirjinsa na ɗagawa. Nuzhat ta kama wuyan hannunsa tana ba da umarni da muryar asibiti: a jiƙa tsumma, a sa a wuya da hammata, kada a ɗura masa ruwa da yawa, a kawo mota kusa a ƙure sanyi.

Zarwali ya tsaya daga nesa. Sai a lokacin ya lura da bishiyar gaf guda ɗaya a ƙarshen kwarin, mai inuwa baƙa ƙirin, taku arba'in daga inda tsohon yake kwance. Tun daga nan ana ganinta. Awa ɗaya da rabi tsohon ya yi yana kallonta.

"Ka zo ka kama mana, me kake kallo?" in ji Dosten, bai ko ɗago ba.

Ya matso ya sa hannu a ƙarƙashin kafaɗun tsohon. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Suna ɗaga shi ya buɗe ido, ya yi ta yawo da su har suka sauka kan fuskar Zarwali. Ya gane shi. Leɓɓansa suka motsa, sai da Zarwali ya sunkuya ya kai kunne sannan ya ji.

"Ɗana, ka gani? Ban motsa ba."