Mota a Kan Layin Dogo

Aibin Malam ɗaya ne: ga furfura har a gira, amma ya tsani a wuce shi a hanya. Shi ya sa ya matsa wa bakanikensa ya cire wa motarsa fulawil, farantin ƙarfen nan mai nauyi da ke riƙe wa inji juyi, ya sa wani shafal, ya kuma canja fulin gaba, wanda bel ke zagayawa, da mara roba.

"Oga, nauyin nan ba ado ba ne," in ji bakanike. "Za ta riƙa mutuwa wajen tashi. Robar kuma ita ke shanye girgiza, in babu ita wata rana karanshaf, ƙashin bayan inji, zai karye."

"Kai dai ɗaura."

Ranar da ya ɗauko surukinsa zuwa asibiti duba ƙafa, tun daga gida sitiyari ke karkarwa a hannunsa. Tsohon na gefe riƙe da sanda. Da suka zo tsallaka layin dogo, mota ta hau tudun, Malam ya saki kuloci, inji ya yi tari ya mutu. Tayoyin gaba sun haye, na baya ba su haye ba.

Ya murɗa makulli. Ta tashi, wani abu ya ce ƙas a gaba, ta sake mutuwa. Ya ƙara murɗawa, ko motsi. Sai ga hon mai kauri daga nesa.

Ba mutuwarsa ce ta faɗo masa a rai ba, fuskar matarsa ce, in aka ce mata ya kashe mata uba garin tsere da 'yan tasi.

"Baba, jirgi! Ku fito!"

"Malam, dakata mana..."

"Ba lokaci, Baba!"

Mutumin da bai taɓa haɗa ido da shi ba, bai taɓa ko shan ruwa a gabansa ba, shi ya sunguma a kafaɗa kamar buhu ya ruga. Hula ta faɗi, takalmi ɗaya ya bi ta. Tsohon na dukan bayansa da sanda, Malam na salati da ƙarfi. Ya dire shi gindin bishiya, ya toshe kunne, ya runtse ido yana jiran ƙara.

Hon ya sake tashi. Babbar mota ce ta tsaya bayan tasa, direban ya leƙo yana zagi.

Tsohon ya gyara rigarsa a hankali. "Ka gama?"

Sannan ya nuna da sanda. Taku kaɗan daga wurin layin ya ƙare. An kwashe ƙarafan tun tuni, har wani ya shuka masara.